Wa Zai Tsare Ginshiƙan Ramin Yuraniyom?

Tun bayan juyin mulkin da aka yi a Jamhuriyar Nijar ran 26 ga watan Yuli na 2023, maganar yuraniyom ta zama abin hira har a majalisun da a da ba a san ko sunansa ba. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Yamai ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, sannan a watan Yuni na 2025 ta mayar da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa. Kowa na tofa albarkacin bakinsa a kan wa ya kamata ya mallaki ma'adinin, nawa za a sayar, kuma wa za a sayar wa. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wata tambaya da ba mu ji ana yi ba, ita ce kuwa ta fi damun matar da mijinta ya shiga rami tun da asuba: wa yake yanke shawarar kaurin ginshiƙin da ke riƙe da dutsen da ke bisa kansa?

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata a bar wannan shawara a hannun mai ramin shi kaɗai ba, ko Bafaranshe ne, ko ɗan Kanada, ko ɗan Sin, ko ma gwamnati ce da kanta. Bari mu faɗi dalili, ko da yake sai mun ɗan shiga lissafi.

A yammacin duwatsun Azbin, kusa da garin Akokan da ke maƙwabtaka da Arlit, akwai ramin Akuta na kamfanin COMINAK. An kafa kamfanin a 1974, aka fara fitar da yuraniyom a 1978, aka rufe ramin ran 31 ga watan Maris na 2021 bayan ma'adinin da za a iya haƙa da riba ya ƙare. Zurfinsa kimanin mita 250 ne, hanyoyin da aka sassaƙa a ƙarƙashin ƙasa kuwa in aka jera su sun haura kilomita 200. A cikin waɗannan shekaru an fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom. Hanyar haƙar da aka yi amfani da ita tsohuwa ce, kuma mai sauƙin fahimta: ana sassaƙa ɗakuna a cikin shimfiɗar dutsen da ma'adinin yake, ana barin wani ɓangare na dutsen a tsaye tsakanin ɗaki da ɗaki don ya tokare rufi. Abin da aka bari ɗin shi ne ginshiƙi. Wato ba gina shi ake yi da siminti ba, ƙin haƙa shi ake yi. To a nan matsalar take, domin ginshiƙin shi ma ma'adini ne, kuma duk akawun da ya dube shi kuɗi yake gani an bari a ƙasa.

Ga yadda lissafin yake. Dutse mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, da tsayin mita ɗaya yana da nauyin kusan tan biyu da rabi. A zurfin mita 250 ke nan, kowane murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da kimanin tan 600, wato kamar a ɗora lodin tirela ashirin a kan ɗan filin da bai kai tabarma ba. Kafin a yi haƙa dutsen duka ne yake raba wannan nauyi. Da an kwashe wani ɓangare, nauyin ba ya zuwa ko'ina, sai dai ya koma kan abin da ya rage.

Alal misali, a ce an bar ginshiƙi mai mita 6 kowace fuska, hanyoyin da ke kewaye da shi su ma mita 6. An kwashe kashi 75 cikin ɗari ke nan, an bar kashi 25, saboda haka ginshiƙin yana ɗauke da ninki huɗu na nauyin asali, wajen tan 2,400 a kan kowane murabba'in mita. Yanzu a ce manaja ya ga ma'adinin wurin yana da kyau, ya ce a ɗan feƙe rabin mita daga kowace fuska. Ginshiƙi ya koma mita 5, hanya ta koma mita 7. A ido ba wani bambanci, wanda ya wuce da fitila a goshi ba zai lura ba. Ribar da aka samu ita ce abin da aka kwashe ya tashi daga kashi 75 zuwa kimanin kashi 83. Amma nauyin da ke kan ginshiƙin ya tashi daga ninki huɗu zuwa kusan ninki shida, wato ƙarin fiye da kashi 40 cikin ɗari. In kuwa kwaɗayi ya kai a kwashe kashi 90, ninki goma ke nan. Riba tana tafiya da rarrafe, haɗari yana tafiya da gudu.

Bugu da ƙari, a daidai lokacin da aka ƙara wa ginshiƙin kaya, an kuma rage masa ƙarfi. Ƙarfin ginshiƙi ba daga irin dutsen kaɗai yake ba, har da siffarsa. Ku ɗauki karan dawa mai tsawon kamu biyu ku danna shi daga sama, nan da nan zai lanƙwashe ya karye, amma ku yanko gaɓa ɗaya daga jikinsa ku danna, za ku sha mamaki. Gajeren ginshiƙi mai kauri yana da zuciya a tsakiya wadda gefunansa suka matse, ko ya gaji sai ya riƙa saki a hankali, ya ba mutane lokacin fita. Siriri mai tsawo ba ya sallama. Masu aikin rami sun san alamar gajiya: gefuna su fara ɓarewa suna zubowa, tsakiya ta tsuke, har ginshiƙin ya koma kamar kalangu. In ya kai nan, abin da taswira ta ce mita 6 ne wataƙila bai fi mita 4 na dutse mai lafiya ba.

Maganar rufi kuwa, ba sai mun je makarantar injiniya ba, magina na gargajiya sun riga sun koya mana. Me ya sa ɗakin soro na azara ba ya yin faɗi? Domin magini ya san iyakar tazarar da azara za ta iya ɗauka da nauyin ƙasa a kanta, abin da bai fi taku biyu ba sosai. In ana son babban zaure, sai dai a kafa ginshiƙi a tsakiya ko a ɗaura bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya tun a ƙarni na 19. Rufin rami a cikin dutse mai hawa-hawa, irin na yankin Arlit inda yashi da laka suka daskare suka zama shimfiɗu, yana aiki kamar azara ne. In aka ninka faɗin hanya sau biyu, wahalar da shimfiɗar rufi take sha ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. A misalinmu na ɗazu, ƙarin mita ɗaya daga 6 zuwa 7 ya ƙara wa rufin wahala da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Mafi muni shi ne mararraba, inda hanyoyi biyu suka gicciye, domin daga kusurwa zuwa kusurwa tazarar takan kai kusan mita 10 ko da kowace hanya mita 7 ce. Shi ya sa a ramukan da ake haƙa da wannan hanya mararraba ce wurin da aka fi tsoro, nan ne kuma direbobin manyan motocin ɗiba suke son a faɗaɗa musu don su ji daɗin shan kwana.

Maganin da ake yi wa rufi shi ne a huda shi a cusa dogayen sandunan ƙarfe, a ɗaure su da siminti ko wani irin danƙo, don su haɗe siraran shimfiɗu su zama kamar katako ɗaya mai kauri. Wani lokaci a ƙara da ragar waya ko a fesa kankare. Dabara ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka masu yawa. Amma kada a ruɗe mu. Waɗannan sanduna fatar rufi kawai suke riƙewa, mita biyu ko uku na farko. Babu ƙarfen da zai ɗauki mita 250 na dutse in ginshiƙi ya sare.

Wani zai ce ai duk wannan lissafin takarda ne. To ga abin da ya faru a Coalbrook, wani ramin gawayi a Afirka ta Kudu. A shekarun 1950 buƙatar gawayi ta ƙaru saboda tashoshin wutar lantarki da ramin yake ciyarwa, sai masu ramin suka koma tsofaffin sassa suna ƙara sassaƙar gawayin da aka bari a sama, suna kuma rage kaurin ginshiƙai. Wato ginshiƙan suka ƙara tsawo suka kuma ƙara sirancewa, abu biyun da muka ce suna kashe ginshiƙi. A ƙarshen watan Disamba na 1959 wani sashe ya rufta, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Ran 21 ga watan Janairu na 1960 da la'asar wani sashe ya sake ruftawa, leburori da yawa suka gudo waje, aka mayar da su bakin aiki. Da magariba ginshiƙai suka shiga faɗuwa, wannan ya sare ya tura wa maƙwabcinsa kaya, shi ma ya sare ya tura wa na gaba, har fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita uku ya zauna. Mutane 437 suka mutu, yawancinsu 'yan ci-rani daga Lesoto da Mozambik, ba a kuma tono gawa ko ɗaya ba. Sai bayan wannan ne aka zauna aka yi bincike na sosai. A 1967 wasu masana biyu, Salamon da Munro, suka tattara bayanan wurare 125 da aka haƙa, 27 daga ciki sun rufta, suka fitar da lissafin ƙarfin ginshiƙin gawayi, suka ba da shawara a tsara shi ya fi nauyin da zai ɗauka ƙarfi da ninki 1.6. Wannan rarar da ake bari ita ce dukan abin da ke tsakanin lebura da kabari, ita ce kuma abu na farko da ake ci in an matsu.

Na yuraniyom ma yana da nasa tarihin. A Elliot Lake ta jihar Ontariyo a Kanada, inda aka haƙa yuraniyom da ɗakuna da ginshiƙai tun daga shekarun 1950 har zuwa 1996, wasu masana, Hedley da Grant, suka fitar da lissafin ginshiƙin dutse mai tauri a 1972, daga nazarin ginshiƙan da suka tsaya da waɗanda suka sare a ramukan wurin. Duk da haka a shekarun 1980 ginshiƙai sun riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya a tsohon sashen ramin Quirke. Abin lura a nan shi ne, kowane lissafi daga dutsen wani wuri aka samo shi. Dutsen Kanada mai tauri ne ƙwarai, na Arlit kuwa dutsen yashi ne mai shan ruwa, da laka a tsakanin shimfiɗunsa, ruwa kuma yana rage wa irin wannan dutse ƙarfi. Injiniyan da ya ɗauko lissafin wata ƙasa ya ɗora a kan dutsen Azbin ba tare da ya gwada dutsen ba, ya kuma koma ya auna yadda rufi yake motsi wata bayan wata, to rigar aro ya sa wa ramin.

Akwai kuma abin da ya bambanta ramin yuraniyom da sauran ramuka, wato iskar radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa ne daga jikin dutsen, wanda ya daɗe yana shaƙarta kuwa yana iya kamuwa da sankarar huhu bayan shekaru. Haka ta faru da 'yan ƙabilar Nabaho da suka yi haƙar yuraniyom a Amurka, har majalisar ƙasar ta yi dokar biyan su diyya a 1990. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: ginshiƙin da ya tsattsage ya fi mai lafiya sakin wannan iska, rufin da ya zubo a tsohuwar hanya kuma yana iya toshe mashigar iskar da manyan fankoki suke turawa. Wato ginshiƙi marar kyau yana kisa iri biyu, ɗaya a cikin minti guda kowa ya ji labari a rediyo, ɗayan bayan shekara ashirin a ƙauye, ba wanda zai rubuta.

Mun san abin da masu kamfani da wasu jami'an gwamnati za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce Nijar ƙasa ce matalauciya, barin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'adini a ƙasa asara ce ga asibiti da makaranta, in kuma aka tsananta doka har aikin ya daina riba za a rufe rami, ɗaruruwan iyalai su rasa abinci. Rufe COMINAK ya raba ma'aikata kimanin 600 da aikinsu, ban da ɗaruruwan masu aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila, mutanen Akokan kuwa sun ji a jikinsu. Ba mu musa ba. Za su kuma ce zamani ya canja, yanzu ana iya kwashe ma'adini a cike gurbin da yashi ko tarkacen dutse haɗe da siminti, cikon ya tsaya a madadin ginshiƙi. Gaskiya ne, irin tsarin da kamfanin Global Atomic na Kanada ya bayyana ke nan game da ramin Dasa, tsakanin Agadas da Arlit, wanda aka fara sassaƙa hanyar shigarsa a 2022. Amma ciko bai kawar da jarrabawar ba, wuri kawai ta sake. Maimakon a feƙe ginshiƙi, sai a rage buhunan siminti a cikin kwaɓi, ko a buɗe ɗakin da ke kusa tun cikon bai yi ƙwari ba. Siminti kuwa daga nesa ake kawo shi a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, wanda ya san hanyar ya san tsadar kowane buhu.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, farashi ko ya hau ko ya sauka, ginshiƙi ne ke biya. A 2007 kuɗin laba ɗaya na yuraniyom ya haura dala 130. Bayan haɗarin tashar Fukushima a Japan a 2011 ya riƙa faɗuwa har ya kai ƙasa da dala 20 a 2016, sannan a farkon 2024 ya sake haura dala 100. In ya hau, ginshiƙi ya zama dukiyar da ake ganin zunubi ne a bari. In ya sauka, sai a nemi ma'adinin da ya fi sauƙin kaiwa, ba kuwa wanda ya fi ginshiƙin da ke bakin hanya sauƙi. Injiniyan da ke kula da dutse ma'aikaci ne kamar kowa, manaja ne ke sa hannu a takardar albashinsa. Ba mu ce mutumin banza ba ne, cewa muka yi bai dace a bar shi shi kaɗai gaban wanda ke iya korarsa ba. In kuma gwamnati ce mai ramin, ita ce mai karɓar riba, ita ce kuma mai aiko sufeto, to kura ce aka ba ajiyar nama, ko da kurar ta gida ce.

Saboda haka muna ganin wajibi ne kaurin ginshiƙi da iyakar faɗin hanya na kowane sashe su kasance a rubuce a gaban hukuma tun kafin a tayar da nakiya ta farko, kada kuma a canja su sai da izinin sufeton da ba kamfani ke biyansa ba, ba kuma ofishin da ke ƙirga kuɗin yuraniyom yake yi wa biyayya ba. A riƙa barin manyan ginshiƙai na shinge tsakanin sashe da sashe, waɗanda ba a taɓawa ko ramin zai rufe gobe, domin su ne ke tare faɗuwa kada ta yi irin gudun da ta yi a Coalbrook. Sannan leburan da ya ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe ya ji yana amo kamar ƙwarya wofi, a ba shi ikon ya janye mutanensa ba tare da heluma ya yanke masa kuɗin yini ba. Wannan ba sabon abu muka ƙago ba, yana cikin yarjejeniya mai lamba 176 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1995 game da lafiyar masu aikin ma'adinai. A Ontariyo ma sai da masu haƙar yuraniyom na Elliot Lake suka yi yajin aiki a 1974 kafin aka kafa kwamitin bincike, daga baya aka yi dokar 1978 da ta tabbatar wa ma'aikaci ikon ƙin aikin da ke da haɗari. Ikon nan kuwa ya haɗa har da leburan ɗan kwangila, don shi ne aka fi turawa wurin da ba a so, shi ne kuma ya fi tsoron buɗe baki.

Akwai wata dukiya da Nijar take da ita wadda ba a sa ta cikin lissafin rabon hannun jari ba. Shekara 43 'yan ƙasar suka yi suna aiki a ramin Akuta, daga cikinsu akwai masu auna ƙasa, masu kafa ƙarafan rufi, da tsofaffin leburorin da kunnensu ya san muryar wannan dutse fiye da kowane baƙo. Yanzu sun watse, wasu sun koma Maraɗi da Damagaram da Tawa, shekaru kuma suna tafiya. Waɗannan su ne ya kamata a nemo a mayar sufetoci, a sa su koyar a makarantar ma'adinai ta Agadas. Taswirorin ramin da bayanan awon da aka tara su ma su kasance a hannun hukumomin ƙasar a cike, domin ramin da aka rufe bai daina aiki ba, ruwa yana komawa cikinsa, ginshiƙai suna ci gaba da tsufa, wata rana kuma farashi zai sa wani ya so ya haƙa kusa da shi.

Mu da ke wannan gefen iyaka kada mu ce ba ruwanmu. A watan Nuwamba na 2021 ramukan zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, 'yar tafiya kaɗan daga iyakar Katsina, mutane aƙalla 18 suka rasu. A irin waɗannan wurare kowa yana tona rijiyarsa kusa da ta ɗan'uwansa, in an kai ƙasa sai a bi jijiyar zinariya ta gefe, har a cinye ɗan bangon da ke tsakanin rami da rami, wanda shi ne ginshiƙin da ke riƙe da su duka. 'Ya'yanmu ne suke shiga irinsu a Zamfara da Neja da Filato, ba injiniya, ba taswira, ba sufeto. Tsohon ma'aikacin Akuta guda ɗaya da zai zauna da shugabannin masu haƙa na yini biyu, ya zana musu a ƙasa yadda nauyi yake komawa kan bangon da ya rage, ya kuma nuna musu tazarar da za su bari tsakanin rijiya da rijiya, kuɗin motarsa da abincinsa ba su kai kuɗin giram biyu na zinariya ba.